Wankin Amalala

Layi ɗaya tak Injiniya ya rubuta don wasa, kuma layin nan ne ya kama hanyar tona asirin mahaifinsa a gaban dangi kaf. Ba da mugunta ya yi ba, wannan kam kowa zai shaide shi. Hannunsa ne kawai ba ya zama wuri ɗaya. In ya ga abu yana aiki ƙalau, sai ya ji kamar ana tsikarinsa har sai ya kwance shi ya ƙara masa abin da ba wanda ya roƙa. Gyaran waya da rediyo yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota, bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan ya bi shi.

Injin wankin gidansu yana wani lungu a bayan kicin, tsakanin tukunyar gas da buhunan da ba a san me ke ciki ba. Daga falo ba a jin ƙararsa in ya gama. Sau da yawa matarsa, Maman Auta, takan zuba kaya, hidima ta ɗauke mata hankali, sai washegari a buɗe a tarar sun yi tsami, a sake wanki daga farko. Wani mijin da sai ya ce a riƙa saita ƙararrawar waya, magana ta ƙare. Injiniya kuwa sai ya share teburin cin abinci ya baje kayan aiki.

Ya samo wani ɗan allo mai kama intanet, girmansa bai wuce kwalin ashana ba. Ya haɗa shi da wani ƙaramin abu mai jin girgiza wanda ya manna a gefen injin, sannan ya maƙala wani kamar zobe a wayar wuta don ya riƙa gane yawan wutar da injin ke ja. Duka ya cusa su cikin tsohuwar robar sabulu, ya huda mata ƙofofi da ƙusa mai zafi. Gidan ya yi kwanaki yana warin dalma. Da farko abin ya ba shi kunya, domin duk sanda babbar mota ta wuce a titi gida ya girgiza, sai na'urar ta aiko da saƙo wai an gama wanki. Ya yi ta gyara yana tsaki har ta daidaita.

To da ta daidaita, ina laifin ya tura saƙon zuwa wayarsa da ta matarsa? Ina, son a sani bai bar shi ba. Sai ya haɗa ta da guruf ɗin da dangi ke hira a waya, inda akwai Yaya, babbar yayarsu da ke aure a wani gari, da 'ya'yanta masu baki kamar reza, da ƙannensa, da matansu, da mahaifinsu. Ranar farko da saƙon ya shigo, "An gama wanki, a zo a kwashe," guruf ya kaure da yabo. Injiniya ya wuni yana murmushi shi kaɗai a shago.

Yabon nan ne ya ja shi ya ƙara gishiri. Ya lura cewa duk wankin gidan da ruwan sanyi ake yi, in ban da abu ɗaya. In Auta, ƙaramar 'yarsu, ta jiƙa shimfiɗa da dare, uwarta takan saka zanin gadon shi kaɗai a ruwan zafi. Ruwan zafi yana jan wuta da yawa, zani ɗaya kuma ba ya girgiza inji sosai. Ke nan na'urar za ta iya bambance wannan wankin da sauran. Ya ji daɗin wayonsa ƙwarai, ya zauna ya rubuta wa irin wannan wankin saƙonsa na musamman: "Wankin Amalala ya kammala. A fito da abin kunya a shanya." Ya ce ai tsokana ce, ita za ta sa yarinyar ta daina. An yi dariya, Auta ta turo baki, kuma ba da jimawa ba ta daina ɗin da gaske. Shi kuwa ya manta da layin a ciki.

Wata rana da hantsi yana shago, yana ɓamɓare bayan wayar wani direba, tasa wayar ta yi ƙara. Ya leƙa da wutsiyar ido ya ga saƙon Amalala ne, ya ci gaba da aikinsa. Guruf ɗin ya daɗe da gundurarsa, ba ya ma buɗewa sai jefi-jefi. Can sai ga kiran Yaya.

"Injiniya, wai yarinyar nan ba za ku kai ta asibiti ba ne? Kusan kullum sai saƙon nan ya shigo. 'Yan nan har cewa suke in ta zo hutu leda za su shimfiɗa mata."

"Haba Yaya, ai ta daina tuntuni."

Yana rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Da hannunsa ya sauke Auta a ƙofar makaranta da safen nan. Uwarta ta riga su fita zuwa kantin maganin da take aiki. Yayyen Auta biyu suna makarantar kwana. Mutum ɗaya ne ke gida a irin wannan lokacin, wato Baba, mahaifinsa da ke zaune tare da su.

 Ya ce wa Yaya na'urar ce ta rikice, ita kuma ta yi dariya ta ce ya dai kare 'yarsa, ta kashe. Ya ajiye wayar direban a buɗe, ya shiga guruf ya yi ta ja sama. Saƙon yana nan jere, makonni, kullum da hantsi bayan kowa ya fita. A ƙarƙashin kowanne akwai fuskokin dariya da tsokanar 'ya'yan Yaya. Ya danna ɗaya don ya ga waɗanda suka karanta. Sunan Baba ne a sama. Ya danna wani, ya danna wani, duk Baba ne na farko, a daidai mintin da saƙon ya shigo.

Bai buƙaci a zana masa ba. Tsohon yana tsaye ne a lungun nan yana jiran inji ya tsaya ya kwashe zaninsa kafin wani ya dawo, sai wayar aljihunsa ta yi ƙara, ya ciro ya karanta abin da ɗansa ya rubuta.

Ga shi Baba ba irin tsohon da ake wasa da shi ba ne. Hedimasta ne da ya yi ritaya, har yau tsofaffin ɗalibansa in sun gan shi a hanya sai sun gyara tsayuwa. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana duba faratan yara da wuyan rigunansu a layin safe. Tun rasuwar matarsa da ya dawo gidan Injiniya, shi ke share ɗakinsa, shi ke gyara gadonsa, ba mai shiga sai da sallama da jiran izini. Fararen kaya yake sawa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ɗigon miya a kansu.

Daga nan shago Injiniya ya shiga na'urar ta wayarsa ya goge layin. Amma abin da ya riga ya sauka a wayoyin mutane ba shi da hanyar janye shi. Direban ya dawo karɓar wayarsa, ya tarar da ita a wargaje, mai gyaran kuma ya zuba tagumi.

Da yamma ya shiga gida kamar ɓarawo. A igiyar bayan gida ga farin zanin gado mai shuɗin baki yana kaɗawa, ya bushe tuntuni. Sau nawa ya wuce zanin nan bai taɓa tambayar kansa na wane ne ba. Ya sami Maman Auta a kicin tana yanka albasa, ya ja ƙofa ya rufe.

"Saƙon nan na hantsi," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Ba Auta ba ce."

Ba ta ɗago ba. "Sai yau ka gane?"

"Kin sani?"

"Ban ce maka ka cire abin nan ba? Na faɗa na sake faɗa, ka ce ban san darajar fasaha ba."

"To me ya hana ki gaya min dalili?"

Ta ajiye wuƙar ta dube shi. "Baban Auta, da wane bakin zan buɗe in ce maka surukina ne? Ni ko a zuciyata ban yarda na ƙarasa maganar ba. Ina ji ina gani na bar 'yata ta ɗauki sunan, don in na ce ba ita ba ce, tambayar da za ta biyo baya ita ce to wane ne. Yarinyar nan ta yi kuka har ta gaji. Tana rantse min ba ta yi, ina cewa na sani, tana cewa to me ya sa injin Abba yake mata ƙarya."

Injiniya ya fice daga kicin. Ya zagaya lungun, ya fizge robar sabulun daga jikin injin har gam ɗin ya taho da fenti, ya jefa ta cikin aljihun teburinsa. Ya ɗauka zai ji sauƙi, bai ji komai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ya zama mai gadin mahaifinsa daga nesa, kuma abin da ya gani ya fi wanda ya karanta ciwo. Baba ya daina shan shayin yamma, shi da ba ya fashinsa. Kofin ruwan da ake ajiye masa da abincin dare yakan koma kicin yadda aka kawo shi. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, in ya tashi daga kujera sai ya dafa bango ya ɗan tsaya. Maman Auta ta ce ai an kwana biyu ana haka, shi ne bai lura ba. Tsohon ƙishirwa yake kwana da ita don kada gari ya waye masa da abin da zai kai inji.

Kuma duk da haka ba kullum dabarar ke ci ba. Wata safiya Injiniya ya yi jinkirin fita da gangan, ya ji ƙarar ruwa a banɗakin Baba, an daɗe ana dirzawa. Baba bai san an cire na'urar ba, ko kuma ya sani bai yarda ba. Yatsunsa sun kumbura da ciwon gaɓɓai, ko murfin kwalba sai an buɗe masa, balle matse zanin gado. Injiniya ya tsaya a ƙofar, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya sauke. Ya fita shago ya bar shi yana fama.

Tsoro yake ji, gaskiyar magana ke nan. Ya shirya maganar a ransa ta fi a ƙirga, a mota, a shago, a wanka, amma da ya gaishe da Baba ya ga yadda tsohon ke amsawa a natse kamar kullum, sai ya ɓuge da zancen tsadar man fetur. Yana jin kunya, yana jin haushin kansa, kuma wani ɓangare na zuciyarsa yana fatan abin ya mutu da kansa tunda saƙon ya daina zuwa.

Bai mutu ba. Ranar Asabar da rana Yaya ta kira ta bidiyo don a gaisa, aka miƙa wa Auta wayar. 'Ya'yan Yaya suka cika fuskar wayar, suka haɗa baki suna kiran ta Amalala, ɗaya yana tambaya ko an daina wanki ne ko an lalata injin don a rufa mata asiri. Yaya tana ta bayansu tana cewa ku bar min 'yata, amma ita ma dariya take. Auta ta saki wayar a kan kujera. Ba ta nufi uwarta ba, ba ta nufi ubanta ba, ta ruga ta faɗa jikin kakanta.

"Kaka, ka gaya musu ba na yi. Kai za su yarda da kai."

Baba ya dafa kanta.  Sannan ya ce, "Yi shiru, mutuniyata. Je ki wanke fuskarki." Da ta fita ya juyo ga ɗansa, ya ce ya same shi a ɗaki.

Rabon Injiniya da shiga ɗakin ya manta. Komai a kintse, littattafai a jere, takalma a layi, sai ƙamshin sabulu mai ƙarfi. A bayan ƙofa zanin yana rataye a kan ƙusa, an ajiye roba a ƙasansa tana tarar ruwan da ke ɗiga. Baba bai yi ƙoƙarin ɓoye shi ba. Ya zauna a bakin gado, Injiniya ya durƙusa a ƙasa.

"Ina abin naka?" in ji Baba.

"Na cire, Baba. Ya lalace ne, yana ta aika saƙon da ba daidai ba."

"Bai lalace ba. Daidai yake aiki, bai taɓa kuskure ko sau ɗaya ba. Kada ka ƙara min da ƙarya."

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Wallahi Baba ban sani ba. Don Auta na rubuta, tun tana yi, na manta da shi. Ban san kai..." Ya kasa ƙarasawa.

"Yaushe ka sani?"

"Satin nan."

Baba ya ja dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. "Ni kuwa na ɗauka ka sani tun farko. Na ce wataƙila yaron nan ya gaji, ya rasa yadda zai gaya min ido da ido, shi ne ya sa inji ya faɗa. Kullum in na karanta sai in ce to, ai gidansa ne."

Wannan maganar ta fi mari. Makonni mahaifinsa yana zaune a teburinsa, yana amsa gaisuwarsa, yana sa masa albarka in zai fita, alhali a ransa ya yarda ɗansa ne ke masa ba'a a gaban dangi. Hawaye suka zubo wa Injiniya, ƙato da gemu, ya kama ƙafar Baba yana ba da haƙuri, yana cewa Litinin za su je asibiti, abin nan yana da magani, ba wanda zai ji.

"Za mu je," Baba ya ce. "Tashi, ba don wannan na kira ka ba. Miƙo min tabarau na."

Ya miƙa masa. Baba ya ciro wayarsa daga aljihu, ya riƙe ta nesa da fuska, ya fara lalube da yatsa ɗaya. Injiniya ya hango guruf ɗin dangi ne ya buɗe.

"Baba, me za ka yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun ranar farko."

"Don Allah ka bari. Ni zan rubuta, in ce musu na'urar ce ta yi kuskure, in ce wasa nake, in ce ni ne ma. Laifina ne, ni ya kamata in ɗauka."

"Ka gaya wa yayarka na'urar ce. Ta yarda?"

Baba bai jira amsa ba.

"In ka ce kai ne, dariya za su ƙara, su ce uba yana kare 'yarsa. Sunan nan in ya kama ta yanzu, da shi za ta girma, na ga irinsa a makaranta ba sau ɗaya ba. Naka laifin ka yi shi ba ka sani ba. Ni ina sane na zauna na bar yarinya ƙarama tana ɗaukar min kaya, yau har ta zo tana roƙo in yi mata shaida."

Ya ci gaba da rubutu. Yatsan ba ya lanƙwasuwa, yakan taɓa harafin da ba shi ba, sai ya goge ya sake, ba ya gaggawa. Injiniya yana durƙushe yana kallo, yana jin kowane harafi a ƙirjinsa. Wayar tana kusa da shi, hannu ɗaya zai miƙa ya karɓe, amma bai taɓa karɓe abu daga hannun mahaifinsa ba, kuma ya san yau ba ranar farawa ba ce.

Baba ya karanta abin da ya rubuta sau ɗaya, ya danna. Wayar Injiniya ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro ta da ƙyar.

"Ba Auta ba ce. Ni ne, larura ce ta tsufa. Duk wanda ya kira ta da sunan nan ya nemi gafararta."

Ba wanda ya amsa. Guruf ɗin da ko tari aka yi sai an samu mai cewa wani abu ya yi tsit, amma Injiniya yana ganin sunayen masu karantawa suna ƙaruwa, Yaya, 'ya'yanta, ƙannensa, matan ƙannensa, duk mutanen da ke durƙusawa su gaishe da Baba. Shi Injiniya ya kai musu na'urar wurin don su yaba masa.

Baba ya cire tabarau ya naɗe, ya ajiye a kan matashi. Ya zauna a miƙe. Wayarsa ta fara ruri, sunan Yaya a jiki. Ya dube ta, ya kifa ta a kan gado.

"Je ka kira min yarinyar," ya ce. "Ita ba ta iya karatu sosai ba tukuna, sai na gaya mata da bakina."